Binciken Rayuwar Matasa a Jami'a: Ta Wace Ƙofa Za a Shiga, a Gida ko a Waje?

Duk wanda ya ƙuduri aniyar zama malamin jami'a mai binciken yadda yaro ke tashi ya zama babba, zai tarar babu wani sashe ɗaya da ke riƙe da wannan fanni shi kaɗai. Aikin ya rabu tsakanin masu ilimin halayyar ɗan Adam, da masu lafiyar al'umma, da masu binciken ƙwaƙwalwa, ga kuma masu nazarin al'adu da zamantakewa a gefe. Kusan shekaru iri ɗaya suke kallo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke daga shekara 10 zuwa 19. A 2000 Jeffrey Arnett ya kawo ra'ayin cewa tsakanin 18 da 25 zango ne mai zaman kansa, an bar yarinta amma ba a riƙe gida ba tukuna. A 2018 Susan Sawyer ta Jami'ar Melbon da abokan aikinta suka nemi a ja iyakar daga 10 har zuwa 24. Sai dai tambayar kowane sashe daban take, kayan aikinsa daban, inda kuɗinsa ke fitowa daban, haka kuma inda zai ajiye ka bayan shekara goma.

Ma'aunin da za mu gwada su da shi guda ɗaya ne. Wannan fanni na sauyi ne: me ya canja a rayuwar yarinya ɗaya daga tana 12 zuwa 15 zuwa 18, kuma me ya jawo shi. Ba a ganin sauyi da ziyara ɗaya. Shi ya sa manyan abubuwan da aka gano a fannin daga binciken bibiya suka fito, wato wanda ake komawa wurin mutanen nan dai shekara bayan shekara. A garin Dunedin na Niuzilan ana bin mutum 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973, kuma bayanansu na cikin abin da ya tabbatar da rarrabewar da Terrie Moffitt ta yi a 1993 tsakanin matasan da ƙiriniyarsu ke wucewa tare da samartaka, da 'yan ƙalilan da halin ke bi har girma. Add Health a Amurka ya fara a 1994, yana bin matasa kusan 20,000. Birth to Twenty na Jami'ar Wits ya ɗauki jarirai 3,273 da aka haifa a Soweto da Johannesbag a 1990. Young Lives na Oksfod yana bin yara 12,000 a Habasha, Indiya, Peru da Biyetnam tun 2002. Don haka kowace ƙofa ka tsaya, tambaya biyu za ka yi mata: za ta kai ni ga irin waɗannan bayanai, kuma za ta koya mini sarrafa su?

Ilimin halayyar ɗan Adam

Nan ne gidan fannin na asali. A Najeriya an buɗe sashen farko a Nsukka a 1964, Jos ma tana da cikakken sashe, amma yawancin ɗaliban Kano da Zariya da Sakkwato ta tsangayar ilimi suke shiga, ta kwas ɗin halayyar koyo ko na ba da shawara. Falalar wannan ƙofa ita ce ita kaɗai ke tambayar abin da ke cikin zuciyar matashi: yadda yake ganin kansa, yadda abokai ke jan ra'ayinsa, yadda yake yanke shawara in akwai haɗari. Kuma bincike mai ƙarfi a nan ba sai da manyan na'urori ba. A 2005 Margo Gardner da Laurence Steinberg sun sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta, wasu su kaɗai, wasu a gaban tsararrakinsu. Matasa suka riƙa kasada sosai da zarar abokai na kallo, manya kuwa kallon bai sauya su da yawa ba. Kwamfuta ɗaya da ɗaki mai shiru sun isa a maimaita irin wannan a ko'ina. Batun aiki kuma babu fargaba: kowace kwalejin ilimi da kowace tsangayar ilimi tana buƙatar mai koyar da halayyar matasa.

Matsalar ita ce irin kundin da aka saba rubutawa. Ɗalibi zai duba jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, ya ga 384 a matsayin yawan mutanen da zai tambaya, ya je sakandare huɗu, ya raba takardar tambayoyi ga 'yan aji biyar a rana ɗaya, ya zuba a manhajar ƙididdiga ta SPSS, ya fitar da alaƙa tsakanin tarbiyyar iyaye da sakamakon jarrabawa. Za a ba shi digirin, maƙalar za ta shiga mujallar tsangaya, za ta ƙirgu a ƙarin girma. Amma ba ta ce komai game da sauyi ba. Ba za a san ko tsananin uba ne ya sa yaro taurin kai ba, ko taurin kan yaron ne ya sa uba tsanani. Kuma in aka ga 'yan 17 sun bambanta da 'yan 13, ba lalle shekaru ne suka bambanta su ba, wataƙila waɗanda suka sha wahala sun riga sun bar makaranta kafin su kai 17. Wannan babban rami ne a Arewa. A 2022 UNESCO ta ƙiyasta yaran Najeriya da ba sa makaranta sun kai wajen miliyan 20. Wanda ya tsaya a aji bai ga almajiri ba, bai ga mai talla ba, bai ga amarya 'yar 15 ba, sannan ya sa wa kundinsa taken "matasan jihar kaza".

Rami na biyu shi ne ma'aunan da ake arowa. Nazarin da Arnett ya yi a 2008 ya nuna kusan duk waɗanda ake bincike a kansu a manyan mujallun fannin daga ƙasashen Yamma suke, Afirka ko kashi ɗaya cikin ɗari da ƙyar. A kan waɗancan yara aka gina takardun tambayoyin. Ɗauki SDQ, takardar auna halayya da matsalolin yara mai tambaya 25, wanda ake yawan amfani da shi. Ɗaya daga cikin tambayoyinsa ita ce ko yaro ya fi jin daɗin zama da manya fiye da tsararrakinsa, kuma in ya ce e, ana ƙirga masa ita a matsayin alamar matsala da abokai. Yaron da ke yini a shagon babansa a Kantin Kwari, ko yake ɗaukar buzun malaminsa, zai ce e yana alfahari. Marigayi Bame Nsamenang na Kamaru ya daɗe yana jan hankali cewa a Afirka ana auna girman yaro da irin nauyin da aka ɗora masa ya ɗauka. Gyaran ba wuya gare shi ba, lokaci yake ci: mutum biyu su fassara daban-daban, na uku wanda bai ga asalin ba ya mayar, a zauna da matasa 15 zuwa 20 ɗaya bayan ɗaya ana tambayarsu me suka fahimta da kowace jimla, sannan a gwada da ƙididdiga ko ma'aunin yana auna abu ɗaya a wurin maza da mata, da kuma a zagaye na farko da na uku. In ba a yi wannan na ƙarshe ba, abin da aka ɗauka sauyi ne a halin yaro zai iya zama sauyi ne kawai a yadda ya fahimci tambayar.

Lafiyar al'umma

Gaskiyar magana, nan kuɗi yake, nan kuma manyan bayanai suke. Ba likitoci kaɗai ke shiga ba, akwai ma'aikatan jinya, da masu ƙididdiga, da masu ilimin ƙidayar jama'a. A Kano akwai cibiyar ACEPHAP ta Jami'ar Bayero, wadda Bankin Duniya ya tallafa wa, mai nazarin lafiyar al'umma da tsare-tsarenta. A Ibadan akwai cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa da Farfesa Olayinka Omigbodun ta jagoranci kafawa da tallafin Gidauniyar MacArthur, tana ba da digiri na biyu. Horon da ake samu a wannan ƙofa, na yadda ake zaɓen waɗanda za a tambaya, da lissafin yawansu, da gwajin da ake raba garuruwa kashi biyu da ƙuri'a, ya fi na tsangayar ilimi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ɗalibi zai iya fara wallafa maƙala ba tare da ya taka ko ƙauye ɗaya ba. Bayanan DHS, wato binciken lafiya da yawan jama'a da ake yi gida-gida, na Najeriya na 2018 da na baya, da makamancinsa MICS na 2021 da UNICEF ta yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, kyauta ake samunsu bayan rajista da ɗan bayanin abin da za a yi da su. DHS ɗin Nijar na 2012 ne ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan ƙasar 'yan 20 zuwa 24 an aurar da su kafin 18. Sai dai a lura da abu uku. DHS daga 'yan shekara 15 yake fara tambaya, don haka zangon 10 zuwa 14, inda balaga ke farawa, kusan babu shi. Kowane zagaye sababbin mutane ake tambaya, ba bibiya ba ce. Sannan dole a sa ma'aunin nauyi da tsarin rukuni da suka zo da bayanan, wato gyaran lissafin da ya dace da yadda aka zaɓo gidajen, in ba haka ba alƙaluman za su karkace, kuma wannan na cikin dalilan da editoci ke mayar da maƙala tun ba a kai ta ga masu duba ba. Shirin DHS kansa ya girgiza a 2025 da aka dakatar da kuɗin USAID, wanda ya isa ya nuna hatsarin dogara da tushe ɗaya.

Akwai kuma ayyukan da ake yi a ƙasar Hausa kanta. Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke Zariya, wadda ta samo asali daga haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Kalifoniya ta Bakli, ta daɗe tana gwada tara 'yan mata ƙarƙashin wata babbar yaya mai koya musu karatu da sana'a, ana bin diddigin ko hakan na jinkirta aure. A jihar Dosso ta Nijar an yi gwaji a kan 'yan matan da aka aurar da wuri da mazajensu, wanda masana na Jami'ar Kalifoniya ta San Diyego suka auna. Binciken da Jami'ar Johns Hopkins ta yi da Hukumar Lafiya ta Duniya kan 'yan 10 zuwa 14 ya haɗa da Ile-Ife da Wagadugu a zangonsa na farko.

Tsadar wannan ƙofa ita ce mai kuɗi ke zaɓen tambaya. Auren wuri, tazarar haihuwa, ƙarancin jini, cuta mai karya garkuwar jiki: a kansu tallafi ke zuwa, kuma yawanci 'yan mata ne. Samarin majalisa, 'yan acaɓa, masu tafiya cirani, ba kasafai ake ware musu kuɗi ba, duk da binciken 2018 na UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya da laifuka, ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekara guda. Aikin masu tallafi shekara uku zuwa biyar ne, yana ƙarewa ana watsewa, yaran da aka fara bi su ɓace. Mafi muni, mutum zai iya shekara goma yana tara wa wasu bayanai, sunansa na biyar a kowace maƙala. Maganin wannan tun kafin a sa hannu ake shan sa. A rubuta a yarjejeniya cewa kwafin bayanan zai zauna a jami'arka, da yawan maƙalun da za ka jagoranta da sunanka a farko, da ikon amfani da su a kundinka. Wanda ba likita ba kuma ya bincika tun wuri ko sashen da yake hari yana ɗaukar irinsa aikin dindindin, domin wasu sassan da ke ƙarƙashin kwalejin likitanci likitoci suke fifitawa.

Ƙwaƙwalwa

Wannan ita ce mai ƙyalli. Tun da Jay Giedd ya wallafa hotunan ƙwaƙwalwa na bibiya da aka ɗauka da na'urar MRI a 1999, da suka nuna ƙwaƙwalwa na ci gaba da sauya tsari a shekarun samartaka, musamman gabanta mai kula da tsara abu da kame kai, fannin ya ja ɗalibai da yawa. Sarah-Jayne Blakemore a Kembirij da Eveline Crone a Holan suna cikin fitattunsa. A nan a ɗan tsaya: maganar da ke yawo a intanet cewa ƙwaƙwalwa na "kammala" a daidai shekara 25 ba haka binciken ya ce ba, babu wata rana da sauyin ke tsayawa cak.

Ga mai son zama a gida, lissafin bai fita. Binciken ABCD na Amurka, mai bin yara sama da 11,800 tun suna 9 da 10 a cibiyoyi 21, da na'urar MRI mai ƙarfin maganaɗisu tesla 3 yake aiki. Yawancin na'urorin asibitocinmu tesla 1.5 ne ko ƙasa, marasa lafiya na layi a kansu, ga batun wuta. A Amurka awa ɗaya a na'urar bincike ɗaruruwan daloli ce. Sannan a 2022 Scott Marek da abokansa suka nuna a mujallar Nature cewa in ana son danganta surar ƙwaƙwalwa da hali ta yadda wani zai maimaita ya samu daidai, dubban mutane ake buƙata, alhali binciken da aka saba yi bai wuce mutum 25 ko makamancin haka ba. Wato ko an ba ka na'urar kyauta, yara talatin ba za su ba ka amsa ba. Hanya biyu ta rage. Ko ka ƙware a lissafi da rubuta umarnin kwamfuta da Python ko R, ka nemi izinin amfani da bayanan ABCD ta hannun jami'arka, ka san cewa yaran Amurka kake nazari. Ko ka koma ga EEG, na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa, da gwaje-gwajen tunani a kwamfutar hannu, waɗanda suka fi araha ƙwarai. Wanda ya zaɓi MRI zalla ya zaɓi zama a waje ne, ko da bai faɗa wa kansa ba.

Masu nazarin al'adu ba sa buƙatar dogon bayani, amma kada a raina su. Enid Schildkrout ta zauna da yaran birnin Kano a shekarun 1970 tana nazarin talla da aike. Hannah Hoechner ta yi haka da almajirai a Kano, Adeline Masquelier da samarin fada, wato majalisar hira da shan shayi, a Nijar, cibiyar LASDEL ta Yamai kuma ta horar da ɗalibai da dama a wannan hanya. Kuɗinta kaɗan ne, lokacinta da yawa, shekara guda ko fiye a wuri ɗaya, kuma sai mai iya rubutu. Bahaushe na da rata a nan tunda harshen nasa ne. Rauninta shi ne masu tsara manufofi alƙaluma suke nema. Ta fi amfani in an haɗa ta da ɗaya daga cikin ƙofofi biyun farko.

Abin da ƙaramar bibiya ke ci

Tunda ma'aunin bibiya ne, ga yadda take a aikace, don ka gane ko sashen da kake so zai iya ɗaukar nauyinta. Zagaye uku ne mafi ƙaranci. Biyu layi miƙaƙƙe kawai za su ba ka, da uku ake fara ganin lanƙwasa. A cikin digiri na uku ana iya yin su da tazarar wata shida zuwa tara. Ka ce ka fara da matasa 600, kana rasa kashi 10 cikin ɗari kowane komawa: 540, sai 486, in ka ƙara zagaye na huɗu 437. In kuma aji-aji ka ɗebe su, 40 a kowane aji, 'yan aji ɗaya kama suke da juna. Ko da kamanceceniyar tasu ta kai 0.05 kacal, lissafin ya zama 1 a tara da 39 sau 0.05, wato 2.95, in aka raba da shi sai 600 ɗinka su koma daidai da 200 da 'yan kai. Gara unguwanni da yawa da yara kaɗan-kaɗan a kowacce.

Waɗanda ke ɓacewa ba da ka suke ɓacewa ba. Yarinyar da aka kai ɗakin miji a wani gari, da saurayin da ya tafi cirani Legas, da almajirin da malaminsa ya tashi, su ne ainihin waɗanda binciken ya fi buƙata. Tun ranar farko a karɓi lambar waya uku daga gidaje daban-daban, da sunan mai unguwa, da alamar gidan a taswirar waya, a kuma ware kuɗin bin sawu daban. Shekaru ma aiki ne. Da yawa ba su da takardar haihuwa, amsoshi sai su taru a kan 15 da 20. A nemi katin rigakafi, in babu a tambayi uwa da abin da ba a mantawa, kamar zaɓen 2011, ambaliyar 2012 ko zaɓen 2015. Wajen auna balaga, hotunan matakan Tanner biyar, masu nuna jiki tsirara, za su iya rufe maka ƙofar unguwa gaba ɗaya. Tambayoyin baki na ma'aunin Petersen sun fi karɓuwa, mace ta tambayi mace, namiji ya tambayi namiji.

Izini hawa-hawa ne: kwamitin ɗa'ar bincike, ma'aikatar ilimi ko ta lafiya, hakimi, dagaci, mai unguwa, sannan uba ko waliyyi ga duk wanda bai kai 18 ba, da yardar yaron shi kansa. Matsayin yarinyar da ke da aure amma ba ta kai 18 ba, kwamitin ne zai yanke shi a rubuce kafin a fita, ba mai tambaya a ƙofar gida ba. A sami inda za a zauna ana ganinsu amma ba a jinsu, domin amsar da amarya za ta bayar uwar miji na tankaɗe a gefe ba amsa ba ce. In za ka yi amfani da PHQ-9, takardar auna ciwon damuwa, tambaya ta tara kan tunanin kashe kai take, don haka sai ka tanadi asibiti da ma'aikacin da za a miƙa yaro gare shi a ranar. A kauce wa azumi, da tsakiyar damina, da lokacin WAEC. Masu tambaya takwas, kowa hira huɗu a rana da manhajar tara bayanai ta KoboToolbox ko ODK, za su gama 600 cikin kwana 19 na aiki, ban da komawa wurin waɗanda ba a samu ba.

Gida, waje, ko rabi da rabi

Digiri na uku a Najeriya shekara uku ne a takarda. A aikace yakan zarce, saboda nauyin koyarwa, da jiran sufabaiza ya karanta babi, da yajin aiki irin na ASUU na 2022 da ya ci wata takwas. Amfaninsa kana kusa da matasan da kake bi, kana riƙe da kujerarka, shekarun ƙarin girma na tafiya, tunda aƙalla shekara uku ake yi tsakanin mataki da mataki daga lakcara har farfesa. A Nijar da sauran ƙasashe masu Faransanci hukumar CAMES ce ke tantance ƙarin girma, don haka a duba irin mujallun da take karɓa tun kafin a fara wallafawa.

A Amurka shekara biyar zuwa shida ne, biyun farko aji ne zalla na ƙididdiga da hanyoyin bincike, yawanci da alawus a madadin koyarwa ko taya farfesa aiki. Babu inda ya kai ta horo, amma ana rufe karɓar fom wajen farkon Disamba, kuma dokokin biza sun tsananta wa 'yan Najeriya da Nijar tun 2025, sai a duba halin da ake ciki kafin a biya kuɗin fom. A Ingila shekara uku zuwa huɗu ne, babu aji sosai, ana ɗauka ka zo da ƙwarewarka, don haka mai raunin ƙididdiga zai sha wuya. Mai iyali ya sani cewa tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na aji ba ya tafiya da iyalinsa, amma na digiri na uku yana iya. A Holan ɗalibin digiri na uku ma'aikaci ne mai albashi na shekara huɗu, sai dai tambayar binciken an riga an rubuta ta a tallar aikin. Illar waje gaba ɗaya ita ce ka dawo da ƙwarewa a kan bayanan da ba na mutanenka ba, ka tarar babu ƙungiyar aiki, babu unguwar da ta san ka.

A ganinmu rabi da rabi ya fi duka ga mai niyyar aiki a gida. Tallafin Commonwealth yana da tsarin da kake rajista a jami'arka, ka je Ingila wata 12 ka yi nazarin bayananka ƙarƙashin malami na biyu. Fulbright na da makamancinsa na kusan shekarar karatu ɗaya ga ƙananan malamai. Ƙungiyar CARTA, da cibiyar APHRC ta Nairobi da Jami'ar Wits ke jagoranta, tana horar da masu digiri na uku a cikin Afirka, amma sai ma'aikacin jami'ar da ke cikin ƙungiyar, a Najeriya kuwa Ibadan da Ife ne. TETFund ta dakatar da tura malamai waje daga farkon 2025, saura karatun cikin gida da ƙaramin tallafin bincike na jami'a, wanda zai iya ɗaukar zagaye ɗaya ko biyu in an yi tattali. Bayan digiri, tallafin Gidauniyar Wellcome na masu farawa yana ba da albashi da kuɗin bincike har fam 400,000 na kimanin shekara biyar, amma ga wanda bai wuce shekara uku yana bincike bayan digirin ba. Wanda ya yi sanyin jiki bayan an kira shi dakta, kafin ya farga lokacin ya wuce.

To, wa ya dace da wacce? Mai digirin ilimi ko halayyar ɗan Adam da tambayarsa ta shafi zuciya da tunani ya zauna a gidansa, amma ya ɗauki sufabaiza na biyu daga lafiyar al'umma ko ƙididdiga, ya koyi R, ya ƙi yarda da kundin ziyara ɗaya. Mai son bincikensa ya taɓa manufofin gwamnati, ko mai son tallafi ya riƙe shi, lafiyar al'umma ce tasa, kuma ga yawancin masu son nazarin matasan ƙasar Hausa ita muke ba da shawara, da sharaɗin su karanta ka'idojin masu halayyar ɗan Adam da kansu don kada aikinsu ya tsaya a ƙirga masu aure da masu ciki. Ƙwaƙwalwa sai mai ƙarfin lissafi wanda zaman waje bai dame shi ba.

Kowacce ka zaɓa, binciki malamin fiye da sunan jami'ar. Buɗe Google Scholar ka ga abin da ya wallafa a shekara biyar da suka wuce, da ko akwai a mujallu irin su Journal of Adolescent Health, Journal of Research on Adolescence ko Child Development. Irin waɗannan da dama ba sa karɓar ko sisi in ba ka zaɓi a buɗe maƙalar ga kowa ba, saɓanin masu turo saƙo suna alkawarin bugawa cikin mako biyu. Duba ko sunayen ɗalibansa na fitowa a farko. Nemi biyu daga cikin waɗanda suka gama a hannunsa, ka tambaye su shekara nawa suka yi, da mako nawa babi ke yi a teburinsa. Sannan ka tambaye shi kai tsaye wane bayani yake riƙe da shi yanzu, zagaye nawa aka yi, da ko akwai kuɗin zagaye na gaba.